Shaidar wanda ya firgita

Akwai maganganu biyu da nake yawan ji duk lokacin da bala'i ya afka wa mutum, ya tsira da ransa, ya zo yana ba da labari. Ta farko ita ce, "Anya kuwa? Jiya ta ce su biyar ne, yau ta ce bakwai. Maganarta ba ta tsaya wuri ɗaya ba." Ta biyu kuwa, "Ai ta rantse shi ne, ido da ido ta gan shi, me kuma ake jira?" Da ta farko ake sallamar wanda aka zalunta daga caji ofis da kotu, har ma daga zukatan danginsa. Da ta biyu ake ɗaure wanda bai ji ba bai gani ba, a wasu garuruwan ma ba ya kaiwa gaban alƙali, a bakin kasuwa ake gamawa da shi. A ganina maganganun nan uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Mun ɗauka cewa abin da mutum ya gani cikin tashin hankali yana zauna masa a kai daram, yadda ya faru, ba ragi ba ƙari. Saboda haka in labarin ya motsa sai mu ce ƙarya yake, in kuma ya kafe a kai sai mu ce magana ta ƙare. Duka biyun kuskure ne, kuma rayukan mutane ake biya da shi.

Da a ce zaman lafiya muke ciki, da wannan sai ya zama zancen ɗaliban jami'a. To amma tun 2009 Borno da Yobe ba su huta ba, ga Diffa a tsallaken iyaka, ga Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna da Neja, ga ƙauyukan Maraɗi. 'Yan mata 276 aka kwashe a Chibok a 2014, 110 a Dapchi a 2018, yara maza sama da 300 a Ƙanƙara a 2020, 'yan mata 279 a Jangebe a 2021, sannan fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a ranar 28 ga Maris 2022. Waɗannan su ne rediyo ta faɗa. Waɗanda aka tare a gona ko a hanyar kasuwa, ba wanda ya san adadinsu. Kowane ɗayansu da ya dawo gida mai shaida ne, ko ba jima ko ba daɗe wani zai zaunar da shi ya ce, faɗa mana abin da ya faru.

Idan mutum ya firgita, jikinsa kan zuba wasu sinadarai cikin jini, manyansu adiranalin da kotisol. Su ne ke sa zuciya ta riƙa dukan uku-uku, baki ya bushe, gumi ya karyo. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da likitoci ke kira amigdala, aikinsa lura da hatsari, yana maƙwabtaka da wani da ake kira hifokamfus, wanda ke ɗaure abin da ya faru da wurinsa da lokacinsa. Idan waɗancan sinadarai suka tashi, amigdala kan matsa wa maƙwabcin nata cewa wannan abin a riƙe shi da kyau. Shi ya sa ba ka tuna abin da ka ci ran Talatar makon jiya, amma kana tuna muryar wanda ya bugo maka waya ya sanar da kai rasuwar mahaifinka. Larry Cahill da James McGaugh na Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine sun gwada wannan a 1994. Sun nuna wa mutane hotuna tare da labari, wasu aka ba su labari mai laushi, wasu aka ba su na yaron da mota ta buge. Bayan mako guda, waɗanda suka ji labari mai tayar da hankali sun fi riƙe shi. Amma a cikinsu waɗanda aka bai wa furofaranolol, maganin hawan jini da ke dakushe aikin adiranalin, wannan fifikon ya ɓace. Wato tashin hankalin ne da kansa ke ƙara wa abin nauyi a ƙwaƙwalwa.

Da a nan maganar ta tsaya, da masu cewa gani ya kori ji sun yi gaskiya. Sai dai firgici ba ya raba ƙarfinsa daidai. Kamar mai haska tocila ne a ɗaki mai duhu: inda hasken ya sauka ana ganin komai tar, har zanen tabarma, sauran ɗakin kuwa sai ya ƙara duhu. Hankalin wanda ke fuskantar mutuwa kan tattaru a kan abin da zai kashe shi ko abin da zai cece shi. Masu bincike sun daɗe da lura cewa in akwai makami a hannun mai laifi, idon mai shaida kan manne wa makamin, ya rage kallon fuska. Abin da ke gefe, wato ƙarfe nawa ne, mutum nawa ne, wace riga ce, wanne ya riga wanne, shi ne ke zubewa.

Wata baiwar Allah da ta gudo daga wani ƙauye na Zamfara ta taɓa zama a unguwarmu, a gidan ɗanta. Ba ta cika magana ba, amma ranar da ta yi, abin da ta faɗa ya tsaya min. Ta ce tana jin ƙarar babura tun kafin ta gan su. Ta ce wanda ya tsaya a kanta takalmin roba ne a ƙafarsa, igiyar ɗayan ta tsinke an ɗaure ta da waya. Ta ce butar da maigidanta ya riƙo zai yi alwala ta faɗi tana tuntsurawa, ruwan na bin ƙasa, ita kuma shi take ta kallo. Warin fetur a jikin danni har yanzu in ta ji shi a gidan mai sai cikinta ya juya. Ɗan nata yana son ya rubuta takardar koke, sai ya tambaye ta, "Inna, ran Laraba ne ko Alhamis?" Ta ce, "Ɗan nan, ni ban san rana ba. Na dai san ban yi La'asar ba." Ya ce, "To su nawa suka shigo gidan?" Ta yi shiru, ta ce uku, can kuma ta ce ko huɗu. Fuskar mai takalmin kuwa ta ce ba ta ɗaga kai ba. Duk wanda ya zauna a gabanta ranar ya san ba ƙarya take yi ba. Amma na san in lauya ya same ta a akwatin shaida, cikin minti goma zai mai da ita abin dariya.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan rikitarwa, wanda ya shafi kowannenmu, ko da ba a taɓa ɗora mana bindiga ba. Tambayi duk dattijon da ya yi wayo a 1976 inda yake ranar Juma'a 13 ga Fabrairu, da labari ya zo cewa an harbe Janar Murtala a Legas. Zai faɗa maka wurin, da wanda ya kawo labarin, da rediyon da aka kewaye. Tambayi mutumin Kano inda yake da yammacin Juma'a 20 ga Janairu 2012, da bama-bamai suka fara tashi aka kashe mutum sama da 180. Zai ce maka kamar yanzu yake gani. Wannan "kamar yanzu" ɗin shi wani malami mai suna Ulric Neisser ya so ya auna. Washegarin ranar da kumbon Challenger ya tarwatse a sararin Amurka, 28 ga Janairu 1986, ya sa ɗalibai 106 a Jami'ar Emory suka rubuta yadda suka ji labarin: a ina, da wa, suna me, ƙarfe nawa. Ya adana takardun. Bayan shekara biyu da rabi aka nemo 44 daga cikinsu aka sake yi musu tambayoyin. Mutum 11 ba su dace da abin da suka rubuta da farko ba ko a abu ɗaya. Galibin sauran sun dace a wani, sun sauka a wani. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne yawancinsu suna da yaƙini mai ƙarfi a kan sabon labarin, har aka nuna musu rubutun hannunsu, suka yarda nasu ne, amma tsohon tunin bai dawo musu ba.

Jennifer Talarico da David Rubin sun maimaita irin wannan a Jami'ar Duke washegarin harin 11 ga Satumba 2001, da ɗalibai 54, suka ƙara wata dabara: kowa ya rubuta labarin harin, ya kuma rubuta wani ƙaramin abu na yau da kullum da ya faru da shi a kwanakin. Da aka waiwaye su daga baya, labaran biyu sun zaizaye daidai wa daida. Bambancin kawai shi ne a ƙaramin abin sun san sun fara mantawa, a babban kuwa suna ji a ransu ba abin da ya taɓa shi. Ke nan tashin hankali yana ba mutum yaƙinin da ya fi ƙarfin abin da ya riƙe. Rantsuwarsa gaskiya ce daga zuciyarsa, amma rantsuwar tana shaidar abin da yake ji ne, ba lalle ta shaidi abin da ya faru ba.

Abin da ke damuna shi ne mu ya kamata mu riga kowa sanin wannan. A makarantun zaurenmu ana karanta abin da ya faru ranar wafatin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Sayyidina Umar, da ƙarfin zuciyarsa da iliminsa, ya tsaya yana cewa Annabi bai rasu ba, har Sayyidina Abubakar ya zo ya karanta aya ta 144 ta Suratu Ali Imrana. Bukhari ya ruwaito cewa sai ka ce mutane ba su taɓa sanin an saukar da ayar ba sai da ya karanta ta, Umar kuma ƙafafunsa suka kasa ɗaukarsa ya faɗi. Aya ce da suka sani, amma girgizar ranar ta shiga tsakaninsu da ita. In haka ta faru da waɗannan bayin Allah, ina ga matar da aka kashe mijinta a gabanta? Malaman hadisi kuma, tun fiye da shekara dubu, sun raba abu biyu da mu yau muke cakuɗawa. Suna tambaya a kan mai ruwaya: mai gaskiya ne? Sannan su yi tambaya ta daban: mai kiyayewa ne? Mutum kan zama salihi, ba ya ƙarya, amma su ajiye ruwayarsa har sai wata ta ƙarfafa ta, saboda haddarsa ta yi rauni. Abdullahi ɗan Lahi'a alƙalin Masar ne, babban malami, amma da aka ruwaito cewa littattafansa sun ƙone ya koma dogaro da ka, sai malamai suka riƙa tantance wanda ya ji daga gare shi kafin gobarar da wanda ya ji bayanta. Ba su kira shi maƙaryaci ba, ba su kuma karɓi komai ido rufe ba. Wannan adalcin nake nema wa mai shaidar da ya firgita.

Dubi yadda abin ke gudana a aikace. Mutum ya fito daga daji bayan wata biyu, ƙafa a kumbure, bai yi barcin kirki ba, sai a kai shi caji ofis. Yana magana da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci, ɗan sanda yana rubutawa da Turanci, yana taƙaitawa yadda ya fahimta. Mutumin ya ce bayan Isha'i ne, mai rubutu ya sa ƙarfe takwas saboda takarda lamba take so. Ya ce suna da yawa, a ce masa, "Baba, kamar su nawa? Goma?" Ya ce, "To, za su kai, ranka ya daɗe." A rubuta goma. Ya dangwala yatsa a ƙasan abin da ba zai iya karantawa ba. Bayan shekara biyu ko uku, in shari'ar ta kai ga sauraro, lauyan wanda ake ƙara ya ɗago takardar: ka ce ƙarfe takwas, yanzu ka ce tsakar dare, ka ce goma, yanzu ka ce shida, wanne ne gaskiya? Tafinta ya juya masa, dattijo ya rikice, ya fara rantse-rantse. Lauyan aikinsa yake yi, ban ga laifinsa ba. Laifin yana wurin tsarin da ke ɗaukar saɓani a gefen labari tamkar rushewar tsakiyarsa.

An auna wannan ma. A 2002 Jane Herlihy da abokan aikinta suka buga wani bincike a mujallar likitocin Birtaniya a kan 'yan gudun hijira 39 daga Kosobo da Bosniya. Dukkansu an riga an ba su izinin zama a Birtaniya, don haka ba su da abin da za su samu in sun ƙara gishiri. Aka yi hira da kowannensu sau biyu, da tazarar makonni a tsakani, a kan abu guda da ya same shi. Saɓani ya fito a labaransu da yawa, ya fi yawa a ƙananan bayanai na gefe, kuma ga waɗanda ciwon firgici ya fi kamawa, saɓanin na ƙaruwa ne da tsawon tazarar. Mutanen da ba su da dalilin ƙarya ke nan. Amma a wurinmu yarinyar da aka yi wa fyaɗe, in ta ce a ɗaki ne sannan ta ce a soro aka fara, ko ta kwana uku kafin ta iya buɗe baki, sai manyan unguwa su kalli juna su ce akwai lauje cikin naɗi. Daga nan maganar ta koma sulhu, sulhun kuma kowa ya san wanda yake karewa.

Ɗaya ɓangaren shi ne mai wuyar faɗa, domin yana kama da cin amanar wanda aka zalunta. A watan Yuli 1984, a garin Burlington na jihar Karolina ta Arewa, wani ya fasa ɗakin wata ɗaliba mai shekara 22, Jennifer Thompson, ya yi mata fyaɗe da wuƙa a wuya. Ta faɗa daga baya cewa da gangan ta riƙa nazarin fuskarsa don in ta rayu ta nuna shi. Ta zaɓi hoton Ronald Cotton, ta sake nuna shi a jerin mutane, ta nuna shi a kotu ba tare da ko ɗar ba. Aka yanke masa ɗaurin rai da rai. A sake shari'ar da aka yi a 1987 an kawo mata ainihin wanda ya aikata, Bobby Poole, ta dube shi ta ce ba ta taɓa ganinsa ba. Sai a 1995 gwajin ƙwayoyin halitta, wato DNA, ya wanke Cotton, bayan ya shafe sama da shekara goma a kurkuku. Matar nan ba ta yi ƙarya ba ko sau ɗaya. Fuskar da ta zaɓa a hoto ce ta shiga ta zauna a gurbin wadda ta gani a daren, har ta kore ta. Ƙungiyar Innocence Project, mai fafutukar wanke waɗanda aka ɗaure bisa kuskure, ta ce a cikin shari'o'i 375 da DNA ya wanke waɗanda aka ɗaure a Amurka, kusan kashi 70 cikin ɗari akwai kuskuren mai shaida wajen gane fuska.

Kada wani ya ce ai wannan mace ce a tsorace cikin duhu. Charles Morgan na Jami'ar Yale ya yi gwaji da sojojin Amurka sama da 500 da ke horon jure kamun abokan gaba, ya buga sakamakon a 2004. Ana tsare soja, wani ya yi masa tambayoyi masu tsanani gaba da gaba, cikin haske, na kusan minti 40. Washegari aka jera mutane aka ce ya nuna wanda ya titsiye shi. Cikin waɗanda aka fi gallaza wa, kusan ɗaya cikin uku ne kawai suka nuna daidai. Matasa ne masu horo da ƙoshin lafiya.

Yanzu a ɗora wannan a kan halin da muke ciki. An kai hari cikin dare, maharan da rawani ko takunkumi, fitilar babur na dallare ido. Kwana biyu bayan haka hoton wani ya fara yawo a WhatsApp da rubutu a ƙasa: ga ɗaya daga cikinsu. Ko 'yan sanda su yi holin wasu a gaban 'yan jarida, an zube bindigogi a gabansu. Ko ranar kasuwa wani ya nuna wani Bafulatani da ya zo sayar da akuya ya ce, "Kamar shi ne." Kafin kalmar "kamar" ta kai ƙarshen layin 'yan hatsi ta faɗi a hanya. A kira wanda aka yi wa ɓarna, a kawo shi gaban mutum ɗaya tilo da aka ɗaure, jama'a sun kewaye, a ce, "Duba da kyau, shi ne ko?" Zuciyar da ta kwana da ƙuna tana neman fuskar da za ta ɗora wa abin, ga fuska an kawo mata. Elizabeth Loftus ta nuna tun 1974 cewa canza kalma ɗaya a cikin tambaya kan canza abin da mutum zai tuna: waɗanda aka tambaya da kalma mai zafi a kan karon mota, bayan mako guda sun fi cewa sun ga fasasshen gilashi, alhali babu gilashin a hoton da aka nuna musu. In kalma ɗaya a ɗakin gwaji ta yi haka, me taron kasuwa zai yi? Kuma duk ran da aka kashe wanda ba shi ba ne, mai laifin yana nan yana yawo, dangin mamacin kuma sun sami nasu abin da ba za su manta ba. Rikicin Zamfara da Katsina ya sha ruwa daga wannan ramuwar.

Na san abin da za a ce min: to in haka ne, shaida ta tashi aiki ke nan, 'yan ta'adda sun sami mafaka. Ban yarda ba. A Kanada, John Yuille da Judith Cutshall sun bi mutum 13 da suka ga an yi harbi a gaban wani shagon bindigogi a yankin Vancouver, suka sake yi musu tambayoyi bayan wata huɗu zuwa biyar, suka tarar labarinsu a kan ainihin abin da ya faru ya tsaya da ƙarfinsa, har tambayoyin da aka saka don a karkatar da su ba su yi tasiri ba. Tsakiyar labari tana da ƙarfi. Wanda ya ce an ƙone gidansa, an harbi ƙanensa a gabansa, an tafi da matarsa, da wuya ƙwarai ya yi kuskure a wannan. Haka kuma gane wanda ka sani tun yana yaro, ka san muryarsa da tafiyarsa, ya sha bamban da gane baƙon da ka gani sau ɗaya, kuma sau da yawa mutanen ƙauye sun san masu kai musu hari da sunayensu. Ko a nan ɗin ma kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila, a shari'ar Turnbull ta 1976 wadda kotunan Najeriya ke kafa hujja da ita, ta gargaɗi alƙalai cewa mai shaida mai gaskiya yana iya kuskure, kuma mutum kan ɗauki baƙo a matsayin wanda ya sani. Ta ce a duba tsawon lokacin ganin, da nisa, da haske, da ko akwai abin da ya tare. Dokar tana nan a littafi. Matsalar ita ce yawancin hukuncin da ake yankewa a kan irin wannan shaida ba a kotu ake yanke shi ba.

Ga kuma shi mai ɗauke da abin, wanda muke mantawa da shi da zarar mun gama amfani da labarinsa. Abin da firgici ya kafa ba ya jiran a kira shi. Yana zuwa a mafarki, yana zuwa da ƙarar salansar babur, yana sa magidanci ya kwana a zaune. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa mutum ɗaya cikin biyar a yankunan da rikici ya shafa yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kama daga baƙin ciki mai tsanani zuwa ciwon firgici. Mu kuwa abin da muke da shi a baki shi ne, "Ka yi haƙuri, ka manta, ƙaddara ce." Haƙuri gaskiya ne, ƙaddara gaskiya ce, amma mantuwa ba a hannunsa take ba, kuma idan muka haɗa ta da imani sai ya koma zargin kansa da raunin tawakkali a kan abin da jikinsa ne ke yi. Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, kuma akwai asibitocin tarayya a Maiduguri da Kaduna da Kware. Sai dai tsakanin waɗannan asibitoci da matar da ke kwana a kangon makaranta akwai kuɗin mota da ba ta da shi, da tsoron a ce ta haukace. A halin da ake ciki kuma kowa na zuwa ya tatsi labarinta: ɗan sanda, ɗan jarida, ma'aikacin agaji, mai ɗaukar bidiyo don Facebook, kowanne da irin tambayarsa da abin da yake son ji. Kowace maimaitawa tana tayar mata da ciwon, tana kuma ɗan sauya labarin, sannan a dawo a kama ta da sauyin.

Gyaran da nake kira a yi bai fi ƙarfinmu ba. Bayanin farko shi ne mafi daraja, don haka a ɗauke shi da wuri, da harshen mai shi, da muryarsa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta riga ta buɗe ƙofar ɗaukar bayanin wanda ake tuhuma a bidiyo. Ban ga dalilin da zai hana a yi wa wanda aka zalunta haka ba, tunda wayar da ke aljihun kofur ta isa. A bar shi ya ba da labarin yadda ya zo masa, ko da daga ƙarshe ya faro, kada a cusa masa lamba, kuma in ya ce bai sani ba a rubuta bai sani ba. Iyalai ma za su iya yin wannan a gida kafin labarin maƙwabta ya gauraya da nasa. Wajen nuna mai laifi kuwa, kada a taɓa kawo mutum ɗaya a ce shi ne ko ba shi ba ne. A jera shi cikin masu kama da shi, wanda ke gudanar da jerin ya zama bai san wanda ake zargi ba, a faɗa wa mai shaida ƙarara cewa mai yiwuwa mutumin ba ya cikinsu, sannan a rubuta a take yadda ya faɗa, ko "shi ne" ko "kamar shi ne", domin bayan wata shida "kamar" ɗin za ta ɓace daga bakinsa shi kansa. Jihar Legas ta haramta holin waɗanda ake zargi a gaban 'yan jarida tun 2021. Majalisun jihohin Arewa su yi haka, kuma gwamnonin da suka kafa rundunonin tsaron al'umma suka ba su bindiga da babura su sa a koya musu wannan kafin a sake tura su kasuwannin ƙauye.